Gidan sayarwa: wasan da mai wayo ya sayar da abin da bai mallaka ba

A cikin shekara ta 1931 aka fara nuna wani gajeren wasan kwaikwayo na ban dariya a birnin Paris, mai suna Villa à vendre, wato gidan sayarwa. Wanda ya rubuta shi, Sacha Guitry, an haife shi a ƙasar Rasha a 1885, inda mahaifinsa Lucien Guitry yake sana'ar wasan kwaikwayo, ya kuma rasu a Paris a 1957, bayan ya bar wasanni fiye da 120. Wannan kuwa yana cikin ƙananansu: fitowa ɗaya ce, a ɗaki ɗaya, da mutane biyar, mata huɗu da namiji guda. Amma ƙarami ne mai nisan tafiya, domin an juya shi zuwa Ingilishi, har ya daɗe cikin littattafan karatu na makarantun sakandare a ƙasar Indiya. Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya taɓa zama ciniki a kan gida ko fili zai gane mutanen nan biyar tun kafin su gama gaisuwa.

Sai mai karatu ya san lokacin kafin ya ji daɗin labarin. Kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, kuma a 1931 masassarar ta fara kama Faransa, kuɗi suka ɓuya, masu sayarwa suka fi masu saye yawa. Ana cikin haka sai kamfanin Paramount na Amurka ya kafa ma'aikatar shirya silima a 1930 kusa da Joinville, gabas da Paris, inda ake ɗaukar fim guda cikin harsuna da dama. Gidan da ake magana a kansa yana Nogent-sur-Marne, maƙwabciyar Joinville. Ke nan gida ne da ke zaune tsakanin talaucin da ya shigo gari da kuɗin baƙi da suka sauka a bakin ƙofa.

Mai gidan, Juliette, wata guda ke nan da ta rataya allon sayarwa, ba wanda ya taya. Tana kuka da zamani, tana cewa da can kowa na da kuɗi amma ba mai sayarwa, yanzu kuwa ba mai ko anini. Mai kallo zai fara tausaya mata, har sai ta buɗe cikinta ga ƴar aikinta: idan ta kama, za ta sallama a kan faran 100.000, wanda shi ma ninki biyu ne na abin da ta kashe. Da masu saye suka shigo kuwa, sai ta sa suna faran 250.000, ta shiga yabon ruwa da lantarki da wayar tarho, kana ta sauko zuwa 200.000, wai don ta ga mutanen kirki ne da suka dace da gidan. Guitry bai zage ta ba ko sau ɗaya. Ya bar mu ne kawai muka ji lissafinta na ɓoye kafin mu ji na fili, saboda haka duk rantsuwar da za ta yi daga baya dariya take ba mu. Hasarar da take kuka da ita riba ce da ba ta kai yadda ta so ba.

Ita kuwa ƴar aikin ta riga uwar ɗakinta gane inda iska ta dosa. Ta samu shiga silima a Joinville, inda za ta fito a matsayin ƴar aiki, a biya ta faran 100 kowace safiya. Har ma ta ba Juliette shawara ta je ta fito a matsayin mai dafuwa, tunda ana nema, kuma ta ga alamar aljihun gidan ya yi sanyi. A nan zamben yake da kaifi. Aikin da yarinya take yi na gaskiya daga safe zuwa dare bai kai kwaikwayon aikin daraja ba, kuma wadda ake aike ita ce ke nema wa mai aikenta abin yi. Cikin ƴan kalmomi marubucin ya nuna yadda rashin kuɗi da sabuwar sana'a suke birkita tsarin wane ne babba, wane ne ƙarami.

Sai ga Gaston da matarsa Jeanne. Ita ce ke son gidan, shi kuwa tun daga ƙofa yake kushe: lambun ya yi kaɗan, ɗakin baƙi bai cika ɗaki ba. Dalilinsa na gaskiya bai daɗe a ɓoye ba. Ya san iyayen matarsa za su zo su tare, su kuma jawo ƴaƴan ƴar'uwarta, shi kuwa ba zai zuba dukiyarsa don surukai su sha iska ba. Da Jeanne ta ambaci dukiyar da ta zo da ita gidan aure, sai ya tuna mata cewa an cinye ta tuntuni, arzikin da aka yi daga baya kuma nasa ne shi kaɗai. A al'adar Faransawa ta wancan lokaci mace ce ke zuwa da dukiya daga gidansu, miji ya riƙa juya ta. Dokar ƙasar ma tana bayan Gaston, domin sai a 1938 aka cire wa matar aure hukuncin rashin ikon kanta a gaban shari'a, kuma sai a 1965 ta samu damar buɗe ajiya a banki ko kama aiki ba da iznin miji ba. Saboda haka gardamar da ƴan kallo suke wa dariya ba ta tsakanin tsara biyu ba ce. A cikin mutanen nan biyar Jeanne kaɗai ta dubi gidan a matsayin wurin zama da zumunci, kuma ita ce ba ta da ta cewa. Don ya kashe maganar, Gaston ya taya faran 60.000, tayin da ya san albarka za a ce masa.

Matan biyu suka hau bene duba ɗakuna, Gaston ya ƙi bin su. Nan ne Madam Al Smith ta faɗo, Ba'amurkiya ƴar silima, wadda ita ce dillalai suka yi alkawarin aikowa tun farko. Ba ta da lokaci, ba ta son ganin ɗakuna, don rushe gidan za ta yi ta gina nata kusa da wurin aikinta. Ta tarar da namiji zaune, ta ɗauka shi ne mai gida, ba ta tambaya ba. Ta yi wa Faransawa tsiya cewa ba su iya kasuwanci ba, sun rataya allo ba su rubuta kuɗi ba, kullum hankalinsu na kan jiya alhali mutanen ƙasarta gobe suke duba. Gaston ya bar ta ta gama, ya yanka mata faran 300.000. Ta rubuta takardar banki, ta bar masa gurbin suna ya cika da kansa, ta fice. Wadda ta zo koya wa mutane ciniki ita ce ta biya ƙarin faran 100.000 ga mutumin da ko sunansa ba ta sani ba.

Da matan suka sauko, Jeanne ta riga ta haƙura, tana shirin ba da uzuri. Sai Gaston ya juye. Gida ya yi kyau, iyayen matarsa tsofaffi sun cancanci hutu, har ƴaƴan ƴar'uwar ya tuna da su. Ya biya Juliette 200.000 nan take, ya roƙi a bar masa wani ɗan zane da ke rataye a bango don tunawa, wanda ya riga ya lura aikin Corot ne, shahararren mai zanen Faransa da ya rasu a 1875. Juliette ta rabu da shi tana murna. Maganganun zumunci da ya ƙi ji daga bakin matarsa su ne ya ɗauka ya yi jari da su, da suka zama masu kawo riba.

To, wa aka yi wa dariya? Kowa ya samu rabonsa, amma rabon bai zo daidai ba. Juliette ta tafi da ninki huɗu na kuɗinta, ba ta san ta yi asarar 100.000 da zane mai tsada ba. Ba'amurkiya ta samu filin da take so. Gidan da aka sha yabo da kushe za a rushe shi. Jeanne, wadda ta ji mijinta ya ambaci iyayenta da alheri, za ta gane cewa ba inda za su zauna. Gaston kuma bai gina ba, bai gyara ba, bai ko hau benen ba. Abin da ya mallaka shi ne labarin da sauran ba su da shi, na ƴan mintoci kaɗan, da kuma bakin da ya iya yin shiru.

Masu karatunmu ƴan kasuwa za su ce ai wannan dillanci ne. Akwai bambanci. Dillalin da muka sani a kasuwannin Maraɗi ko Damagaram, mai kaya ya san shi, mai saye ya san shi, la'adarsa kuma ba a ɓoye take ba, sunansa shi ne jarinsa, in ya ci amana sau ɗaya kasuwa ta gama da shi. Gaston ya karɓi kuɗin abin da ba nasa ba, daga hannun wadda ta ɗauke shi wani mutum dabam. Kundin dokokin Faransa na 1804, wanda namu na Nijar ya samo asali daga gare shi, ya faɗa a aya ta 1599 cewa cinikin kayan wani ɓatacce ne, kuma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da hana mutum sayar da abin da bai mallaka ba. Wanda ya taɓa ganin mutum biyu sun taru a kan fili guda, kowa riƙe da takardarsa, ya san cewa a wajen dandali irin wannan ciniki ba da tafi yake ƙarewa ba.

Amma Guitry bai kawo alƙali ba, bai sa asirin Gaston ya tonu ba. Ya rufe labule a daidai lokacin da mutumin ke ƙirga ribarsa, ya bar ƴan kallo suna tafi. Nan ne zambo mafi zafi yake, domin ya faɗa kan masu kallon ne. Mun ga mutumin ya wulaƙanta matarsa, ya yaudari baƙuwa, ya yi wa mai gida wayo, duk da haka da shi muka yi dariya, don ya fi kowa saurin lissafi. Al'ummar da ke kiran irin wannan mutum gwani, tana kiran wanda aka cuta wawa, ita ce ke renon Gaston na gaba, kuma ba ta da bakin kuka ranar da ya zauna a zaurenta.

Wasan bai buƙatar kaya masu yawa: ɗaki guda, kujeru, zane a bango, da ƴan wasa biyar. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantunmu da gidajen matasa za su iya juya shi zuwa Hausa ba tare da wahala ba. In sun yi, a bar ƙarshen yadda marubucin ya bar shi, kada a ƙara masa wa'azi. A bari mutane su yi tafinsu, kana a tambaye su wa suka tafa wa.