Wa Ya Kawo Baƙon Kifi Tafkin Yellowstone?

A watan Yulin 1994 wani mai fatsa ya jawo kifi daga tafkin Yellowstone da ke jihar Wayomin ta Amurka, ya kai wa ma'aikatan gandun dajin da tafkin yake ciki. Suna ganinsa hankalinsu ya tashi. Tirawut ne na zurfi, mai launin toka da ɗigo-ɗigo masu haske, alhali tirawut ɗin da aka sani a tafkin nan tun fil azal shi ne mai jan zane a ƙarƙashin haɓa. Baƙon kuwa maci 'yan'uwansa ne. Bincike ya nuna babba ɗaya kan haɗiye ɗan gida kusan 41 a shekara.

To, ta ina ya shigo?

Ba ta ƙasa ba. Kogin da ke fita daga tafkin yana zubowa ta kan wani gangare mai tsawon mita 94, ba kifin da zai hau shi. Sai ido ya koma kan maƙwabta, tafkunan Lewis da Shoshone.

Waɗannan biyu masu yawon kwale-kwale sun san su sarai. Shoshone ba hanyar mota, ba a kuma yarda da inji a cikinsa. Daga Lewis ake tuƙawa a shiga mashigin da ya haɗa su, in an kusa ƙarshe ruwa ya fi ƙarfin filafili, dole mutum ya sauka ya ja jirginsa da igiya, ruwan sanyi na yankar ƙauri kamar reza. Da kaka tirawut mai ruwan ƙasa kan cika mashigin don yin ƙwai, kuma lokacin ne masu fatsa ke samun abin da ya kawo su. Amma da can tafkunan biyu ba kifi ko ɗaya a cikinsu, saboda gangaren ruwa ya tare hanya. Hukuma ce ta zuba musu a 1890, har da tirawut na zurfi da aka kwaso daga tafkin Mishigan.

Ga wanda ake zargi, kusa-kusa kuma. Sai dai tsakanin Lewis da Yellowstone akwai tudun da ya raba ruwan nahiyar biyu: na Lewis ya nufi tekun Fasifik, na Yellowstone ya nufi Atlantika. Wasu suka tuno gobarar dajin 1988, lokacin da jirage masu saukar ungulu ke ɗibar ruwa a tafkuna suna kashe wuta. Ni wannan bai shige ni ba, domin da zafi kifin nan can ƙasa yake kwanciya, guga kuwa saman ruwa yake ɗiba.

Amsar ta fito ne daga cikin kan kifin. Kowane kifi irin wannan yana da ɗan dutse a kunnensa, fari, ƙarami, wanda ke ƙaruwa zobe kan zobe muddin yana raye. Kowane zobe yana riƙe da sinadaran ruwan da kifin ya zauna a ciki a lokacin, kuma abin da ya shiga ba ya gogewa. Masana suka yanka duwatsun, suka auna yawan sitirontiyam da kalsiyam daga tsakiya zuwa baki. A ƙananan kifaye awon bai canza ba, wato a Yellowstone aka ƙyanƙyashe su. A manyan tsofaffi kuwa sai aka ga awon ya yi tsalle farat ɗaya. Tsakiyar dutsen ta dace da ruwan Lewis, bakinsa ya dace da na Yellowstone. Da aka ƙirga zobba daga wurin tsallen, lissafi ya faɗa ƙarshen shekarun 1980. An wallafa sakamakon a 2005.

Canji na farat ɗaya irin wannan aikin hannu ne: wani ya ɗauko su da rai ya zuba. Daga baya wasu masana sun ce kada a manta da mashigin Two Ocean, inda rafi ɗaya ke rabewa biyu, kowane reshe ya nufi tekunsa, domin ta nan ɗan gidan ma ya shigo tun zamanin da. Hanya ce mai yiwuwa, amma ba ta share abin da duwatsun kunne suka nuna ba. Ba a kama kowa ba har yau.

Ɓarnar dai ta bayyana a rafin Clear da ke zuba a tafkin Yellowstone, inda ake ƙirga 'yan gida masu hawa yin ƙwai: sama da 70,000 a 1978, kusan 500 a 2007. Beyar da shaho da karen ruwa suka rasa abinci, don baƙon ba ya hawa rafi. Jiragen hukuma masu kalli sun fitar da baƙin sama da miliyan 4, kuma 'yan gida sun fara farfaɗowa. Doka a tafkin yanzu ita ce: wanda ya kama mai jan haɓa ya sake shi, wanda ya kama baƙon kuma haramun ne ya mayar da shi ruwa da rai.