Gidan sauro bai haifi gazunzumi ba

Duk sa'ad da aka yi rabon gidan sauro a ƙasar Goronyo, ba a rufa wata biyu sai maganar ta taso, wai shi ne ke kawo kuɗin cizo, wanda mu a nan muka fi sani da gazunzumi. A Giyawa na ga sabon gidan sauro an kewaye irin albasa da shi, alhali ɗakin da aka ciro shi yara huɗu ke kwana a ciki. Da na yi wa mai shi, gwaggona, magana, gardama ba ta yi da ni ba. Kusurwar ɗinkin ta buɗe mini, sai ga su a jere, manyan kamar ƙwayar gurji, ƙananan kamar riɗi, ga ɗigo-ɗigon baƙin kashinsu.

Abin da ta gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Wanda ya shimfiɗa farin buhu ya ga gara a kai, ai ba buhun ya zo da ita ba. Ƙwaron yana nan tun tuni a tsagar bango, a gaɓar gadon katako, a bakin katifa da saƙar tabarma. Yana bin ɗumin jiki da numfashin mai barci, ya sha jini na minti 5 zuwa 10, ya nemi maɓoya mafi kusa, ɗinkin gidan sauro kuwa yana saman kai. A da maganin da ke jikin ragar yana kashe shi, yanzu a wurare da yawa ya saba da shi, kamar ɓeran da ya gane tarko. Wannan ne masu rabo ba sa tsayawa su bayyana. Su miƙa, a ɗauki hoto, mota ta tashi.

Cinikin da ake yi kuwa na asara ne. Har yau ba a tabbatar gazunzumi yana sa wa mutum wata cuta ta hanyar cizo ba, ko ƙanjamau ko ciwon hanta. Sauro kuwa kowa ya san aikinsa, Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Cire raga saboda ƙaiƙayi, a ƙasar da ke da madatsar ruwa da fadamun shinkafa har Wurno, gudun yayyafi ne a faɗa kogi.

Ba wai cizon ba ya cutarwa ba ne. Yawun ƙwaron yana kashe zafi yana kuma hana jini daskarewa, shi ya sa ba a ji sai da safe a ga ƙuraje, sau da yawa a layi, biyu ko uku, a wuya ko hannu. Wani jikinsa ba ya nuna komai, sai ka ji maigida yana rantsuwa ɗakin lafiya lau, uwargida kuwa ta kwana susa. Susar ce ke jawo gyambo, farce ya yage fata, ƙwayoyin cuta su shiga, wuri ya yi ruwa. Ga rashin barci da ke sa yaro gyangyaɗi a aji. In sun yi yawa ƙwarai, jariri ko tsoho na iya samun ƙarancin jini.

Maganin cizon bai kai kuɗin kwanon gero ba. A wanke da sabulu da ruwa, a ɗora tsumma mai sanyi, a yanke wa yara farce. Ruwan kalamin ko man haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 na rage ƙaiƙayi, Piriton na taimakawa da dare, sai dai a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a ba ƙaramin yaro. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya baje. In wurin ya kumbura, ya yi zafi da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, a je asibiti. In numfashi ya fara sarƙewa, kada a jira gari ya waye. Kananzir da man birki ba na fata ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fiya-fiya. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, amma har gobe ana yayyafa irinsa a katifa a kwantar da jariri a kai. Mafi muni, masu jefa ƙwayar nan ta adana wake a ƙarƙashin gado. Iskar da take fitarwa ta sha kashe mutanen gida a barci.

Zafi ne maganin gazunzumi, shi kuwa Sakkwato ba ta saya. Ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe shi da ƙwansa, don haka a zuba tafasasshe a gaɓoɓin gado, a jiƙa zannuwa a ciki. Tufafi a ƙulle a baƙar leda, kaɗan-kaɗan, su yini a rana. Katifa mai kauri ba ta jin rana har ciki, sai an bi ɗinkinta da burushi. A liƙe tsagar bango, a janye gado daga jikinsa. Ragar kanta a bi ta da hannu, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Sai a maimaita bayan kwana 10, domin ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, mace guda kuma na iya saka ɗaruruwa. Kulle ɗaki a yi tafiya ba ya aiki, ƙwaron yana iya wata da watanni bai ci ba.

Masu cewa baƙin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Rabah da Sabon Birni ne suka kawo ƙazanta, su tuna a 2023 birnin Faris na Faransa ya rikice a kan wannan ƙwaro, har a jiragen ƙasa da gidajen silima. Jini yake bi, ba dauɗa ba. Gwaggo dai ta yarda ta mayar da ragar, bisa sharaɗin ni zan kwance gadon in kai shi tsakar gida.