Wayar Ofis a Kan Kwamfutar Haya: A Kulle Ƙofa Kafin a Jona Layi



A watan Maris na 2014, wani ƙaramin kamfanin zanen gine-gine a jihar Georgia ta Amurka, mai ma'aikata bakwai, ya wayi gari da bashin waya na dala 166,000. A hutun ƙarshen mako ɗaya tak aka ci wannan kuɗi, da kiraye-kiraye zuwa Gambiya da Somaliya da tsibiran Maldives, alhali babu kowa a ofishin. Jaridar New York Times ce ta ba da labarin. Ɓarayi ne suka bi ta intanet suka shiga na'urar rarraba kiran kamfanin. Irin wannan na'ura ce za mu tattauna a kanta yau, da yadda ake kafa ta a kan kwamfutar haya, da yadda ake tsare ta.

A da, duk ofishin da ke da wayoyi da yawa sai ya sayi wani akwati mai tsada da ake kira PBX, wanda ke karɓar kira daga waje ya miƙa wa teburin da ya dace. A 1999 wani matashi Ba'amurke, Mark Spencer, ya buƙaci irin akwatin nan don ɗan kamfaninsa a jihar Alabama, kuɗinsa ba su kai ba, sai ya zauna ya rubuta manhajar da za ta yi aikin a kan kwamfuta. Ya sa mata suna Asterisk, ya sake ta kyauta ga duniya. Daga baya aka gina mata FreePBX, shafin da ake sarrafa ta da shi cikin sauƙi. Yanzu su biyun suna hannun kamfanin Sangoma na Kanada.

Yau ko kwamfutar ma ba sai ka saya ba. Kamfanoni irin su DigitalOcean da Hetzner da Vultr suna da manyan kwamfutoci a cibiyoyinsu, suna yanka kowace gida-gida su ba da haya da 'yan daloli a wata. Ita ake kira VPS. Tamkar shago ne a kasuwa: gini da wuta da maigadin bakin titi na mai kasuwa ne, amma kwaɗon shagonka kai za ka saya, kai za ka tuna ka kulle. Mutane da yawa suna zaton kamfanin hayar ne ke tsare musu abin da suka ɗora a ciki. Ba ya yi, kuma bai yi alkawarin zai yi ba.

Amfanin abin a fili yake, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas. An ɗauke wuta a ofis, na'urar tana can tana aiki. Ma'aikaci a Kano yana da lambar ciki 101, abokin aikinsa a Maraɗi yana da 102, suna kiran juna ta intanet kamar a ɗaki ɗaya suke.

Abu na farko wajen kafawa shi ne zaɓen garin da kwamfutar take, domin murya ba ta son jinkiri. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada tafiyar murya daga mai magana zuwa mai sauraro ta wuce milisakan 150. Idan ta wuce sosai, sai ku riƙa katse juna, kowa na tsammanin ɗan'uwansa ya yi shiru. Galibin manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka tashi daga Legas, Turai suka nufa. Don haka kwamfuta a Legas ko Landan ta fi maka wadda ke yammacin Amurka, ko da waccan ta fi araha. Bayan nan sai a ɗora Linux, misali Debian, a ɗora FreePBX a kai. Wannan aikin yini ɗaya ne ga wanda ya san hannunsa.

To, a nan nake so a tsaya a saurara da kyau. Kiran intanet hanya biyu yake bi. Ta farko ita ce SIP, mai sa waya ta yi ƙara, ta sanar an ɗauka ko an ajiye, kuma ƙofarta mai lamba 5060 ce. Muryar kanta ta wata hanya take bi, RTP, wadda a Asterisk kan yi amfani da ƙofofi daga 10000 zuwa 20000. Idan aka buɗe ta farko a katangar tsaron kwamfutar aka manta da ta biyu, waya za ta yi ƙara, a ɗauka, sannan ka ji ana "Alo, alo, kana ji na?" Wani lokaci kai kana jinsa raɗau, shi bai jin komai. Maigida na tsaye a kan injiniya, rana tana yi, sai injiniyan ya kashe katangar tsaro gaba ɗaya don ya gwada. Murya ta fito, kowa ya yi murna, aka watse. Katangar nan ba a sake kunna ta ba.

Duk wanda ya taɓa kunna irin wannan na'ura, ya buɗe rajistar abubuwan da ke faruwa a cikinta washegari, ya san abin da zai gani. Layi bayan layi, wani adireshin intanet da bai sani ba yana gwada shiga da lamba 100, an ƙi shi, ya gwada 101, ya gwada 102, har ya kai 9999. Wani kuma yana ƙoƙarin kiran lamba ɗaya ta ƙasar waje, yana sa mata 00 a gaba, ya sake da 011, ya sake da 9, yana laluben wadda za ta fita. Sau da yawa za ka ga sunan friendly-scanner a jikin saƙon. Wannan tambarin manhajar SIPVicious ne, wadda masanin tsaro Sandro Gauci ya rubuta don masu na'ura su gwada ƙarfin tsaronsu, ɓarayi kuma suka ɗauke ta. Ba wai sun san ka ba ne. Adireshin kamfanonin haya sananne ne, injinansu suna bin sa ɗaya bayan ɗaya dare da rana.

Me suke samu? A wasu ƙasashe akwai lambobin da kiransu ke da tsada ƙwarai, kuma mai lambar yana da kaso a duk mintin da aka kira. Sai ɓarawo ya yi hayar irin lambar, ya shiga na'urarka, ya sa ta kira shi layi ashirin ko hamsin a lokaci guda, tun daga daren Juma'a. Shi ya karɓi kasonsa, kai a kawo maka takardar biya. Akwai kuma masu sayar da mintocin sata. Edwin Pena, wani mazaunin Miami da aka kama a 2006, ya sayar da mintoci sama da miliyan 10 da ya bi da su ta na'urorin wasu kamfanoni, aka ɗaure shi shekara goma a 2010. Abokin aikinsa Robert Moore ya shaida wa 'yan jarida cewa abin da ya sauƙaƙa musu shi ne mutane ba sa canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita.

Shi ya sa nake ganin tsarin aikin ne ya kamata a juya. Yawanci layin waje ake fara jonawa don a ji kira ya fita, tsaro kuma a ce sai an samu sarari. Layin wajen nan shi ne kuɗin, shi ya kamata ya zo ƙarshe. A fara da katanga: ƙofar 5060 kada ta amsa wa kowa sai adireshin kamfanin da ke ba ka layi da na ofisoshinka. Ma'aikatan da ke yawo, waɗanda adireshinsu ke canzawa, a shigo da su ta ɓoyayyar hanya irin WireGuard. Kowace lambar ciki a ba ta doguwar kalmar sirri wadda kwamfuta ta harhaɗa, tunda sau ɗaya za a shigar da ita a waya, ba sai an haddace ba. A hana baƙon kira fita ta layinka. A sa Fail2ban, manhajar da ke toshe duk adireshin da ya yi ta kuskuren kalmar sirri, amma kada a dogara da ita kaɗai.

Shafin sarrafa FreePBX kuwa, kada a bar shi a buɗe ga duniya ko na yini ɗaya. A Nuwamban 2020 kamfanin tsaro na Check Point ya bayyana wani gungu da ya kutsa na'urorin hukumomi da kamfanoni fiye da 1,200, ta wata ɓaraka a FreePBX da ke barin mutum ya shiga a matsayin shugaba ba tare da kalmar sirri ba. An riga an fitar da gyaran ɓarakar tun 2019. Waɗanda abin ya ci, ba su sabunta manhajarsu ba ne.

Idan ana tattauna sirrin kasuwanci ko na marasa lafiya, a kunna TLS a ƙofa 5061 tare da SRTP, don kada mai leƙen hanya ya saurari hirar.

Sai batun da ba na injiniya ba ne, na maigida ne da kansa, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. Ka zauna da kamfanin da zai ba ka layi, wanda a Najeriya dole ya kasance mai lasisin hukumar NCC, ka nemi tsarin biya kafin kira. Ka zuba kuɗin da ba zai karya ka ba idan ya salwanta, kuma kada ka yarda a riƙa cira daga katin bankinka kai tsaye duk sanda ya ƙare. Ka ce a rufe kiran ƙasashen waje baki ɗaya, a buɗe maka waɗanda kake hulɗa da su kawai. Idan ma'aikatanka shida ne, ka sa a ƙayyade kira shida a lokaci guda. Sannan ka nemi a turo maka saƙo a wayarka da zarar kuɗin yini ya haura abin da kuka saba kashewa, ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma ka tabbata akwai wanda ya san yadda zai katse layin nan take ba tare da jiran injiniya ba.