Maraƙin da ke jan ƙafa

A Kolofata, cikin yankin Mayo-Sava da ke arewacin Kamaru, makiyayi kan wayi gari ya tarar maraƙinsa yana jan ƙafar baya, kofaton ya lanƙwashe yana sharar ƙasa. Mai ɗori ya lalube ƙashi, babu karaya, babu targaɗe. Ba kumburi balle a zargi maciji, kuma yana shan nono yadda ya saba. To me ya kashe ƙafar?

Likitan dabbobi yakan fara da tsinin allura. Ya soki cinya, maraƙin ya zabura. Ya soki fatar da ke saman kofato, ko gezau. Ke nan saƙo ne ba ya isa ƙasa. Sai ya tambaya: an yi masa allura kwanan nan? An yi, ta oksitetrasiklin, a ɗuwawu. A nan babbar jijiyar ji da motsi ta ƙafar baya take ratsawa, kuma maraƙin da rani ya ramar ba shi da tsokar da za ta kare ta.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa ƙafar ke ƙara shanyewa makonni bayan allurar, sannan ta farfaɗo bayan watanni? A 1850 Augustus Waller, likita ɗan Ingila, ya yanke jijiya a jikin kwaɗo, ya ga sashen da ya rabu da tushensa yana rugujewa. Tsokar da ta daina samun saƙo sai ta tsotse. Amma kwanson jijiyar yana nan, kuma ta cikinsa sababbin zaruruwa ke bi kamar yaɗon kabewa, wajen milimita 1 zuwa 3 a rana. Tazarar santimita 20 tana iya cin fiye da wata 6.

Ƙuruciya tana taimakawa, domin zaruruwan ƙaramar dabba sun fi saurin tsiro, tafiyarsu kuma gajera ce. Sai dai gwaji kan jariran ɓeraye ya nuna in raunin ya zo a kwanakin farko na haihuwa, ƙwayoyin da ke cikin laka, waɗanda zaruruwan ke fitowa daga gare su, sukan mutu da yawa, kuma ba sa dawowa.

Shi ya sa likitoci ke cewa a naɗe kofaton kada ya yi gyambo, a yi haƙuri da shi, allura ta gaba kuma a yi ta a tsokar wuya.