Hawan Keke Don Tunawa Da Yaron Da Sikila Ta Ɗauke

Idan ciwon sikila ya taɓa ɗauke maka ƙane ko ɗan 'yar'uwa, ka san yadda gida ke yin tsit bayan an tashi zaman makoki. An yi addu'a, an raba sadaka, amma zuciya na neman a yi wani abu da sunan yaron. Hanya ɗaya ita ce ka ɗaura niyyar tuƙa keke wata tafiya mai nisa, 'yan'uwa da abokai su yi alƙawarin kuɗi a kan kowace kilomita, a miƙa abin da aka tara ga masu fama da ciwon.

A Amurka haka Billy Starr ya fara a 1980, bayan ciwon daji ya kashe mahaifiyarsa. Mutum 36 ne suka hau keke a jihar Massachusetts, suka tara dala 10,200. Zuwa 2024 tafiyar, mai suna Pan-Mass Challenge, ta tara sama da dala biliyan ɗaya. A wurinmu sikila ce ta fi cancanta, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara.

Kafin ka taɓa sirdin keke, ka fara zuwa wurin uwar yaron. Kada ta wayi gari ta ga hoton ɗanta a jikin riga ko a Facebook ba da saninta ba. In ta ce sunan kawai ta yarda a sa, to sunan kawai. In ta ce a dakata, a dakata.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ta fi tuƙin wahala. "Taimakon masu sikila" magana ce mai faɗi, kuma ita ke jawo zargi daga baya. Ka je asibiti da ƙafarka, ko Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar Abuja ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ka nemi sashen da ke kula da masu sikila da ofishin jin daɗin marasa lafiya. Ka tambaye su me iyaye suka fi kasa biya: maganin hydroxyurea ne da ke rage yawan tashin ciwon, ko ledar jini, ko kuɗin gwaji? Ka zaɓi abu guda, ka faɗa wa masu ba da gudummawa tun farko. Kuɗin kada ya shiga asusunka kai kaɗai. A sa mutum biyu ko uku su sa ido, a nuna rasit bayan an gama. Kuɗin riguna da ruwan sha kuwa ya fito daga aljihun mahaya.

Titunan Abuja masu faɗi ne, shi ya sa direbobi ke sheƙa gudu a kansu. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, yana kan kekensa a birnin nan wata bas ta ture shi. Don haka ka rubuta wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da 'yan sanda da wuri, ka nemi rakiya. Safiyar Asabar ko Lahadi bayan asuba ta fi, kuma zagaye tsakanin Dandalin Eagle da Tafkin Jabi ya fi wa sabon shiga sauƙi a kan babbar hanyar Kubwa ko ta filin jirgi. Hular kwano dole ce, a duba burki da kaca, mota ta biyo baya da ruwa da mai faci. Wanda ya shekara goma bai hau keke ba ya ba kansa kamar wata biyu yana atisaye, yana ƙara nisa sannu a hankali. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita.

Wasu za su so ranar 19 ga Yuni, Ranar Sikila ta Duniya, sai dai tsakiyar damina ce. Maris da Afrilu kuwa zafi ya yi yawa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga danginku: ƙishirwa da gajiya mai tsanani na tayar da ciwon, saboda haka mai SS ya tsaya wurin tarba, kada kunya ta sa ya hau. Mai AS ma ya riƙa shan ruwa, ya huta da zarar jiki ya nuna.

A inda za a sauka, ka roƙi ma'aikatan lafiya su kafa teburin gwajin jinotaif. Duk gidan da aka haifi mai SS, akwai masu AS a cikin dangi, wasu ba su ma sani ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Samari da 'yan matan da suka zo tarbarka su ne za a kai wa kuɗin aurensu nan da 'yan shekaru, don haka a fara layin gwajin da su.