Sa wa tsohuwar Miata fitilar rana a Greensboro: karanta wannan kafin ka yanka waya

Tun da muka saki bidiyon fitilun LED na mota, tambayar da ta fi shigo mana ita ce ta fitilar rana, wadda ake kira DRL a taƙaice: shin ana iya sa wa tsohuwar mota ita, kuma doka ta yarda? Za mu amsa da misali ɗaya, wato Mazda MX-5 Miata ta farko, wadda aka ƙera daga 1989 zuwa 1997, a garin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan uwanmu 'yan Nijar suke da yawa. Amma bayanin wayarin ɗin zai yi wa mai tsohuwar Honda a Kano ko Maraɗi aiki.

Miata gajeriyar mota ce ƙwarai, tsayinta daga ƙasa bai wuce mita 1.23 ba. Ford F-150, wadda ta cika titunan Amurka, ta kusa mita 2. Ka hango ƴar motar nan tana tafe a Wendover Avenue da yamma, rana tana bayanta, wani kuma yana ƙoƙarin fitowa daga wurin cefane da ƙatuwar mota. Kallo ɗaya zai yi hagu da dama ya taka. Aikin fitilar rana ke nan: ta sa a gan ka. Ba ta haska maka hanya, kuma duk wanda ya sayar maka da ita a kan za ta ƙara maka gani da dare, kuɗinka kawai yake so.

Wani zai ce to ka kunna fitilar gaba mana da rana. A Miata ta farko fitilun gaba a ɓoye suke cikin bonet, sai ka kunna sannan su ɗago kamar idon kwaɗo. Ƙananan injinan da ke ɗaga su sun kai shekara talatin ko sun kusa, kuma yawancin masu motar ba sa son yawo da su a buɗe duk yini.

Dabarar ta faro ne daga ƙasashen da rana ke ƙaranci a lokacin sanyi. Finland ta fara tilasta kunna fitila da rana a 1972, Sweden ta biyo baya a 1977. Kanada ta wajabta wa sababbin motoci fitilar rana daga ƙarshen 1989, Tarayyar Turai kuma daga Fabrairun 2011. Amurka ba ta taɓa wajabtawa ba. A 1993 ta dai halatta, sai General Motors ya fara sa wa motocinsa daga samfurin 1995. Shi ya sa Miata da aka sayar a Kanada take da fitilar rana tun daga kamfani, ta Amurka kuwa babu.

A nan sai mu faɗi gaskiya. Binciken da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta fitar a 2008 bai gano wani ragin haɗari a fili ba ga ƙananan motoci. Don haka kar a ɗauke ta laya. Ra'ayinmu dai shi ne, ga mota gajeriya irin wannan a tsakanin manyan motoci, aikin da ba zai ci maka fiye da yini ɗaya ba ya cancanci a yi shi, in har an yi shi daidai.

Yanzu doka, domin a nan ake jawo wa kai tikiti. Sashe na 20-129 na dokokin Karolina ta Arewa ya ce dole ka kunna fitilar gaba da ta baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, da duk lokacin da ba a iya hango mutum daga ƙafa 400, wato wajen mita 120, da kuma lokacin da waifa ke aiki saboda ruwan sama ko hazo. Fitilar rana ba ta biya maka wannan, saboda fitilun baya a kashe suke. Ruwa ya tsuge a kan I-40, kana ganin haske a gabanka kana zaton komai lafiya, alhali mai tirela a bayanka bai ga komai ba sai feshin ruwa. Sashe na 20-130.1 kuma ya hana motar gida ɗaukar fitila shuɗiya ko ja irin ta jami'an tsaro. Tun 2017 jihar ta hana tuƙi a kan titi da doguwar sandar LED mai ƙarfi, irin ta motocin shiga daji, a kunne. Abin da ya rage maka shi ne fari ko ruwan lemo. Ka kula da lambar da ke jikin kwali: 5000K zuwa 6000K fari ne, amma 8000K ya fara komawa shuɗi, kuma ba ka son tsayawa musu da ɗan sanda a gefen titi kan launi.

Fitilar kanta ba sai ta kashe ido ba. Ƙa'idar Turai mai lamba R87 ta ƙayyade hasken kowace ɗaya tsakanin kandela 400 zuwa 1,200. In ka ga harafin E cikin da'ira tare da RL a jikin gilashin, alama ce an yi ta bisa wannan ƙa'ida, kodayake masu jabu ma sun iya buga tambari. Nemi mai IP67 saboda ruwa. Ƴan siraran igiyoyin LED ɗin nan masu gam a baya da ake sayarwa da arha a intanet, da dare suna da kyau a hoto, da tsakar rana kuwa ko daga mita ashirin ba a ganin su. Ado ne kawai. Sannan kar ka toshe bakin bamba da fitila, ta nan iska ke shiga lagireto, kuma zafin Greensboro a watan Yuli kan haura digiri 30.

Mu zo kan wayarin, wanda shi ne ainihin aikin. Abu uku ake so: fitilar ta kama da kanta in an tayar da mota, ta mutu in an kunna fitilar gaba, kuma kar ta danne sigina.

Wutar da take ja kaɗan ce. In duka biyun wat 10 ne, raba 10 da bolt 12, bai kai amfiya 1 ba. Fiyus mai amfiya 3 ko 5 ya isa. Batirin Miata a but yake, saboda haka ba sai ka ja waya tun daga bayan mota ba. Akwai akwatin fiyus a ɗakin inji, akwai wani a ƙarƙashin sitiyari ta wajen ƙafar direba. Ɗauki mitar gwajin lantarki ka nemo layin da ke da wuta in an murɗa makulli, ya mutu in an zare. Daga nan sai ka yi amfani da ƴar na'urar nan da ake sokawa a gurbin fiyus ta fitar da sabuwar waya mai nata fiyus. Guji layin jakar iska da na kwamfutar inji da na famfon mai. Kuma kafin ka taɓa komai, cire kan negatif na batir, domin akwai na'urorin jin karo na jakar iska a gaban motar, daidai inda hannunka zai riƙa yawo.

Kashewar da kanta kuwa aikin rile ne, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa maimakon yatsa. Sayi mai ƙafa biyar, za ka ga lambobi a gindinsa: 30, 85, 86, 87 da 87a. Wayar da ka ɗauko daga fiyus ta shiga 30. Fitilar rana ta fita daga 87a, domin 30 da 87a a haɗe suke muddin rile yana hutawa. Ƙafa 85 ta tafi jikin ƙarfen mota, 86 kuma ta haɗu da wayar ƙaramar fitilar fakin. Ƙafa 87 a bar ta haka nan, a rufe ta. Da ka murɗa makulli fitilar rana ta kama. Da ka kunna fakin ko fitilar gaba, wuta ta shiga 86, rile ya yi ƙas, ya raba 30 da 87a, fitilar rana ta mutu. Shi ke nan fa.

Akwai ƴan akwatunan da ake haɗo wa wasu fitilu, waɗanda ake ɗaurawa kai tsaye a batir. Suna auna ƙarfin wuta ne: batir a zaune yana wajen bolt 12.6, in inji na aiki ya haura zuwa 14, sai akwatin ya gane mota ta tashi. Sauƙi gare su, amma ba mu cika son su ba a irin wannan mota. Masu Miata da yawa suna ajiye ta a gareji duk lokacin sanyi da ƴar caja a jikin batir. Caja ta ɗaga wuta, akwati ya zaci inji ne, fitila ta kwana a kunne.

Hanya ta biyu, wadda ta fi kyan gani, ita ce amfani da gidan sigina na gaba ba tare da an huda bamba ba. Haka Miata ta Kanada take, haka ma Corvette ta 1997. Ƙwan da ke ciki mai lamba 1157 ne, mai zare biyu, ɗaya na fakin ɗaya na sigina. Ana sayar da LED mai launi biyu da ke shiga gurbinsa, fari a tafiya, ruwan lemo in ka ba da sigina. Tarko biyu ne a ciki. Na farko, farin yana kan layin fakin ne, don haka ba zai kama da kansa ba sai ka ba shi wuta ta daban, kuma in ba ka sa diyod ba, wutar za ta koma baya ta kunna fitilun baya da na allon sitiyari. Na biyu, sigina zai fara ƙiftawa da sauri kamar mai zazzaɓi. Dalili shi ne na'urar ƙiftawar tana jiran ƙwai mai wat 27, da ta ga LED ba ya jan wuta sai ta ɗauka ƙwan ya ƙone. Maganin da aka saba shi ne resista mai om 6, wat 50. Yi lissafi: bolt 14 a kan om 6 ya haura amfiya 2, wato sama da wat 30 na zafi zalla. A jikin ƙarfe ake ɗaure shi da noti, nesa da roba da waya. In ka samu na'urar ƙiftawa da aka yi don LED wadda ta dace da motar, ta fi resista tsafta.

Haɗin waya ma abin lura ne. Murɗa waya biyu a naɗe da baƙin tef ba aiki ba ne a motar da robar wayoyinta ta bushe. A yi dalma ko a matse da maɗauri, a sa robar nan mai tsukewa da zafi. Inda waya za ta ratsa ƙarfe, ta bi ta cikin zoben roba.

Ku da ke gida, da yawa daga cikin motocin tokunbo da ke shigowa ta Kwatano da Legas suna zuwa da fitilar rana tun daga kamfani. Sai mutane su yi ta yi maka nuni a hanya wai ka manta fitila a kunne, har ka gaji ka kai wa rewaya ya cire. Mu dai shawararmu a bar ta. Wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya cikin hazon hunturu ya san yadda mota ke ɓullowa daga ƙura ba sallama. Sai dai a cikin hazo mai kauri, can ma fitilar gaba da ta baya ake kunnawa. Rile da fiyus ɗin da muka ambata kuwa, ko a Ƙofar Ruwa za ka same su.

In ka gama, kar ka mayar da robobi sai ka gwada. Murɗa makulli, fitila ta kama. Kunna fakin, ta mutu. Ba da sigina hagu da dama, ka tsaya daga nesa da rana tsaka ka tabbata ana ganin ƙiftawar sarai. Kunna rediyo a FM ka saurara, domin LED mai arha kan jefa shuuu a cikin sauti. Sannan ka zare makulli, ka cire kan negatif, ka sa mita tsakaninsa da batir a ma'aunin amfiya. Lambar da ka gani ta zama daidai da wadda ka auna kafin ka fara aikin, don haka ka rubuta ta farkon a takarda tun da safe.