Tsohon makamin nukiliya zai iya tashi da kansa?

Duk lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin manyan ƙasashe, sai ka ji ana yaɗa cewa tsofaffin bama-baman nukiliya sun lalace a ma'ajiya, ko yaushe suna iya tashi. Tsufa kaɗai ba ya tayar da su. Yawanci ma rage musu ƙarfi yake yi.

Sirrin yana cikin ƙirar makamin. A tsakiyarsa akwai dunƙulen sinadarin fulutoniyom, an zagaye shi da nakiya irin wadda aka saba. Sai nakiyar ta tashi ta kowace kusurwa a lokaci guda, ta matse dunƙulen, kafin a samu fashewar nukiliya. In gefe ɗaya ya riga saura, kayan ciki ne kawai za su tarwatse. Sinadarin tiritiyom da ke ƙara wa bam ƙarfi kuwa, rabinsa yana ƙarewa duk shekara 12 da 'yan watanni, dole a riƙa sabunta shi.

Amma kada a saki jiki, domin an sha tsallake rijiya da baya. A Janairun 1961 jirgin yaƙin Amurka samfurin B-52 ya tarwatse a sama kusa da garin Goldsboro, bama-bamai biyu suka faɗo, kowanne ya ninka na Hiroshima sau ɗaruruwa. Lemar ɗaya ta buɗe, matakan tashinsa suka fara aiki ɗaya bayan ɗaya, sai wani ɗan makunni guda ya hana. Takardar da ta bayyana haka sai a 2013 aka sake ta.

A 1966 wani B-52 ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a saman ƙauyen Palomares na Sifaniya. Nakiyar bama-bamai biyu ta fashe, ƙurar fulutoniyom ta bazu a gonakin manoma, har aka kwashe ƙasar wurin a ganguna zuwa Amurka. Wannan ne haɗarin da ya fi kusa: guba mai jawo ciwon daji ga wanda ya shaƙe ta, wadda take dubban shekaru ba ta gushe ba.

Haɗarin jihar Arkansas a 1980 ya fi ba ni mamaki. Ƙarfen sifana ne ya suɓuce wa wani ma'aikaci, ya faɗa ramin makami mai linzami, ya huda tankin mai. Bayan sa'o'i ramin ya yi bindiga, soja ɗaya ya mutu, kan makamin ya yi tsalle ya faɗa waje, bai tashi ba.

Amurka ta amsa cewa ta yi manyan haɗurra 32 tsakanin 1950 da 1980, kuma ko ɗaya bai kai ga fashewar nukiliya ba. Mafi yawansu wajen ɗauka, gyara ko shawagi da makaman suka faru. Don haka in saƙon "bam zai tashi gobe" ya shigo wayarka, kada ka tura wa kowa.